Akwatin Zuman Saman Bene

Ni na fara ganin wurin wayam. Na hau saman bene da safe in tsinko na'a-na'a don shayin baƙi, sai na tarar teburin ƙarfen da akwatin zuma yake zama a kai ba komai. Wani ɗan curin ƙudan zuma ne kawai, bai fi dunƙulen hannu ba, manne a ƙafar teburin. Na tsaya da almakashi a hannu kamar wata sakarya, har na leƙa ƙarƙashin teburin, kamar akwatin da sai ƙato ya yi nishi yake ɗaga shi zai ɓuya a can.

Gidan abincinmu a ƙololuwar wani dogon bene yake, tsakiyar unguwar bankuna da ofisoshi, gidan tarihi a gefe guda, silima a ɗaya gefen. Ni ce shugabar kicin. Zan so in ce girkina ne yake cika mana kujeru, amma ƙarya ba sana'ata ba ce. Zumar nan ce. An kewaye akwatin da gilashi, mai yawo da baƙi ya kwaso mutane daga gidan tarihi su hau su ɗauki hoto, su sauko su ci burodi da zumar da aka yi a tsakiyar birni, su tafi suna ba da labari. Kifin da na ɓata safiya ina gasawa kuwa, ko kallon arziki ba ya samu.

Da na gaya wa Manaja, sai da ya hau da kansa ya gani, ya sauko yana huci.

"A rufe ƙofar ma'aikata," ya ce wa masu gadin rana. "Duk mai cin abinci a ginin nan, ba inda za shi sai akwatina ya fito."

Aka tara mu a bayan kicin: masu kai abinci, masu wanke-wanke, mai furanni da take da rumfa a ƙasa bakin lif, mai yawo da baƙi, har da mai goge gilashi can a kusurwa, da hularsa da baƙin tabarau da ƙyallen da yake rufe fuska saboda rana. Jiya ranar hutu ce, gidan a rufe ya yini. Kyamarar ƙofar gaba ba ta ga fitar akwati ba. Ta ƙofar baya kuwa ta daɗe da mutuwa, kuma mutum ɗaya ne yake kwana da makullinta. Ba wanda ya kira suna, amma duk idanu suka koma kan Kawu.

Kawu shi ne mai gadin dare. Ɗan gwaggon babana ne, tsoho mai ciwon ƙirji, ni na samo masa aikin. Manaja ya aika a bincika ɗakin gadinsa, aka dawo da ƙaramin faranti. A kansa akwai ƙarin zuma birjik, 'yan tsinkayen nan da take bari a jiki in ta yi harbi, an ciro su an jera, da kwalbar man zafi a buɗe.

"To, tsoho, me za ka ce?"

Kawu ya kalli farantin, ya kalli ƙasa. "Ba ni na ɗauka ba, ranka ya daɗe."

"Wa ya ɗauka?"

Kawu ya ci gaba da kallon ƙasa.

Aka kulle shi a sito, tsakanin buhunan fulawa. Manaja ya ce ba ya son kaki a gaban baƙi, saboda haka sai an gama abincin rana ɗan sanda zai hau ya tafi da shi. Na san ƙirjin Kawu. Ko kwana ɗaya ya yi a kan simintin ofishin 'yan sanda, sai dai a ba mu shi a kwance. Na shiga bayan firiji inda ba mai jina, na buga wa Baba waya.

Babana ya yi rayuwarsa yana bin sawu a gandun daji, sawun dabba da na masu farautar sata. Da mahaifiyarmu ta rasu na ɗauko shi na kawo shi gidana, wai don ya huta. Tun daga ranar yake zaune a kujera ɗaya bakin tagar da ba ta buɗewa, yana ramewa. Ya ce ƙasar garin nan kurma ce, an toshe mata baki da siminti da kwalta, ko giwa ta wuce ba mai sani.

Ya fito daga lif idonsa a rufe, don ya tsani akwatin nan da yake tashi da mutane.

Manaja ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, in ka shigo, kai ma ba fita."

"Ɗana, tun bara ban fita ba," in ji Baba. "Nuna min wurin."

A saman bene bai ko kalli ƙasa ba. Ya durƙusa gaban curin ƙudan nan, ya kai fuskarsa kusa har na ce za su harbe shi. Ya ɗauki ɗaya da ta mutu a ƙasa ya ɗora a tafin hannu.

"Dubi ƙafarta, uwata." Haka yake kirana, don sunan kakata aka sa min. "Me kika gani?"

"Wani abu ruwan ɗorawa."

"Garin fure ne. Kiwo ta je, ta dawo da kaya, ta tarar ba gida. Su duka nan haka suke, a waje suka kwana, sanyi ya kashe wasu. Zuma ba ta kiwon dare. Da a ce da duhu aka ɗauke akwatin nan, da kowacce tana ciki, da ba ki ga ko ɗaya a nan ba. Da rana tsaka aka ɗauka, jiya."

Na ji kamar in rungume shi. Jiya da rana Kawu yana gidansa yana barci, sai da yamma ya kama aiki.

Manaja ya taɓe baki. "Ƙuda ba ya shaida a gaban hukuma. Farantin fa? Ku kawo min akwati, ko ku kawo min ɓarawo."

"Za ka samu," Baba ya ce. Ya ɗaga kai yana duba iska. "Kuma a yi sauri. Ba sabuwar da take zuwa, ke nan an toshe musu baki. In rana ta take, zafi zai dafa su a ciki."

Aka buɗe mana sito. Kawu na zaune kan buhu, fulawa ta yi masa furfura ta biyu. Shi da Baba taubasai ne, tun ina yarinya ban taɓa jin sun gaisa ba zagi a ciki ba.

"Gajere," in ji Baba, "ashe tsufa sata ta koya maka? Da ka bari ka yi tsawo tukuna, ko teburin ba ka kai ba."

"A'a, wa ya kwance karen gidan nan? Dogo, koma kujerarka kada iska ta karya ka."

Baba ya kama hannuwansa biyu ya juya su. Ya ja hannun rigarsa sama, ya duba wuya, ya duba bayan kunne. Ko kumburi ɗaya babu. Ya sunsuna yatsun.

"Man zafi a yatsunka, amma ba a jikinka ba. Wa ka shafa wa?"

"Matarka ta lahira."

"Gajere, ba wasa nake ba."

Kawu ya janye hannunsa. Muryarsa ta sauka, irin yadda ban saba ji ba. "To ni ma ba wasa nake ba. Ka bar sawun nan, ɗan'uwa. Ka koma gida."

Haushi ya kama ni. "Kawu, ɗaure ka fa za su yi! Da wannan tarin naka?"

"Je ki duba tukunyarki, 'yata, ina jin ƙauri."

Ba ƙaurin komai. Na fita ina share hawaye da gefen riga, ina jin da ba kawuna ba ne da na girgiza shi.

Muka sauka wurin mai furanni, don kowa ya san ba ta ga maciji da zumar nan. Tun kafin Baba ya buɗe baki ta tare shi.

"Na san abin da ya kawo ku. E, na ce Allah ya raba mu da su, kuma yanzu ma na ƙara faɗa. Ko fure na ajiye bakin ƙofa sai sun yanyame shi, mai saye ya zo ya arce. Amma Baba, dube ni. Bokitin ruwa ma sai an kama min. Jiya kuwa ina asibiti wurin ƙanwata, ta haihu."

"Barka. Mace ko namiji?"

"Mace." Ta ɗan saki fuska. "In kana neman mai son akwatin, ka tambayi mai surutun can. Ba yau ya fara cewa lambun gidan tarihi ya fi dacewa da su ba."

Mai surutun shi ne mai yawo da baƙi. Mun same shi yana safa da marwa gaban ƙofar da aka rufe, baƙinsa na can waje suna jiransa da huluna. Kuma a hannunsa na dama akwai kumburi, ga shi nan a fili. Na ce a raina shi ke nan, an kama.

Baba ya taɓa wurin da ɗan yatsa. "Yaushe?"

"Makon jiya. Wata baƙuwa ce ta fesa turare kamar za ta biki, suka biyo ta, ni na sha." Ya soma ba mu tarihin ginin tun daga ranar da aka haƙa tushe, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Harbi ɗaya ne, kuma ya kwana biyu, har ya fara sacewa," ya ce min da muka juya. "Wanda muke nema ya sha harbi kamar ruwan sama."

Lokaci ya ƙure. Dole na koma kicin, baƙi sun fara cika. Ina juya kifi, ina kallon agogo, ina kallon ƙofar sito. Mai kai abinci ya raɗa min cewa ɗan sandan ya iso, yana ƙasa yana shan shayi. Ban taɓa jin kicin ɗin nan ya yi min ƙunci irin na ranar ba. Tururi, ƙarar cokula, tagogi manya-manya da ba a buɗe ko ɗaya.

Na leƙo na ga Baba ya ja kujera ya zauna bakin gilashi, daidai yadda yake zama a gida. Raina ya ɓaci. Na je na tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Baba, zama ka zo yi?"

"Zo ki ga gidanku."

Ya nuna min benen bankin da yake fuskantarmu. Shi ma duk gilashi ne, kuma rana ta faɗa a kansa, sai ga namu benen a jikinsa daga sama har ƙasa kamar a madubi. Shekaru ina aiki a nan ban taɓa lura ba.

"Yaushe ake wanke muku bango?"

"Ranar hutu, lokacin da ofisoshi ba kowa."

"To an wanke jiya, ga shi yana ƙyalli. Yanzu bi layin can na kusurwa da ido. Daga sama fes. Sauko. Sauko. Tsaya."

Na gani. Layi ɗaya, daga wani hawa zuwa ƙasa, dishi-dishi yake da ƙura da kashin tsuntsaye, alhali na dama da na hagunsa tas har ƙasa. Kamar mutum ya fara aski ya gudu.

"Me ke hawan nan?"

"Ba kowa. Ɗakin injinan sanyaya gini ne. Kullum a kulle."

"Ta ciki," in ji Baba. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. A fuskarsa na ga abin da rabona da gani tun muna daji, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. "Ashe ƙasar garin nan a tsaye take. Ce wa Manaja ya tara mutanensa."

Baƙi na ƙarshe na fita aka tara kowa a tsakiyar ɗakin cin abinci, ba a ko kwashe faranti ba. Ɗan sandan ya hau. Aka fito da Kawu yana tari.

Baba ya tsaya a tsakiya. "Akwatin bai bi ta ƙofar gaba ba, bai bi ta baya ba. Bai ma bar ginin nan ba. Ta bango ya sauka, da rana, cikin kwandon ƙarfen nan da ake zurawa da igiya. A ɗakin injina akwai 'yar ƙofa da ake buɗewa ta waje. Wanda ya tura shi ciki ya toshe bakin da tsumma, amma wasu sun fito sun far masa, ya ja kwandonsa ya gudu sama, ya bar aikinsa rabi." Ya juya kusurwa. "Ɗana, cire tabarau."

Sai a lokacin muka kalli mai goge gilashi. Abin kunya, mutumin da kullum yake rataye a tagoginmu yana ganin abin da kowa yake ci, ba na jin akwai wanda ya san kalar idonsa. Ya tako gaba. Sannan ya cire hular, ya cire tabarau, ya kwance ƙyallen. Mai furanni ta yi salati. Fuskar ta kumbura suntum, ido ɗaya ya rufe ruf, leɓen ya juye, duk tana ƙyallin man zafi.

"Ni ne," ya ce, maganar na fita da ƙyar. Ya juya ga Manaja. "Ranka ya daɗe, sau nawa na same ka? Na ce ruwan sabulun nan yana jawo ƙudan zuman. Ka ce in sa safar hannu. Kai in sun biyo ka sai ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Ni ina za ni? Kwando ne, taku biyu nan, taku biyu can, ƙasa kuma motoci kamar ƙwaro. Watan jiya ɗaya ta shiga cikin kunnena, na saki igiya, ƙafata ɗaya ta fita waje. Na koma gida na kalli 'ya'yana, na kasa cin abinci." "Ban yi niyyar kashe su ba. Cewa na yi in ɓoye, in samu mota in kai su bayan gari."

"Ka ji ko?" Manaja ya ce wa ɗan sandan. "Da bakinsa."

Aka karɓi makullin ɗakin injina, Baba da masu gadi suka sauka. Suka tarar da akwatin bayan wani inji, ya ɗau zafi kamar murhu, 'yan tsirarun da suka tsere suna ta dukan gilashi ta ciki. Baba ya zare tsumman. Da ransu, da ƙyar. Aka mayar da su kan teburinsu, curin nan na ƙafar tebur ya watse ya shige gida. Manaja har da tafi.

Na ruga na kama hannun Kawu. "Ka fita, Kawu! Ka ga Baba ko?"

Bai dube ni ba. Idonsa na kan mai goge gilashi, da ɗan sandan yake riƙe da shi ta gwiwar hannu suna jiran lif.

"Ka yafe min, Baba mai gadi," in ji mutumin. "Tun safe nake so in yi magana, bakina ya ƙi."

"Ni na ce ka yi shiru," Kawu ya ce. "Je ka, zan leƙa yaran."

Lif ya buɗe, ya haɗiye su.

Baba ya dawo daga sama yana karkaɗe riga, yana murmushi. "To, Gajere, sai ka yi min godiya. Yau ma kare ya fitar da kai."

Na jira zagin da zai biyo baya. Kawu ya kwance makullan daga ƙugunsa ya ajiye a kan tebur, cikin ɓurɓushin burodi.

"Jiya da yamma a ɗakina na tarar da shi, yana rawar sanyi. Ni na cire masa ƙarin nan ɗaya bayan ɗaya. Yaransa ƙanana ne, uwarsu ba ta da lafiya. Na yi lissafina, na ga ni in sun riƙe ni, ba su da shaida, za su gaji su sake ni, in kuma ƙirjin ya gama da ni, ai dama ya kusa. Na ce maka ka bar sawun nan." Ya kira Baba da sunansa na yanka, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. "Wa ya roƙe ka?"

"Ni ce, Kawu," na ce.

"Ke ba ki sani ba. Shi ya sunsuna hannuna."

Ya bi ta matakala, bai jira lif ba. Muna jin tarinsa yana sauka hawa-hawa har ya ɓace.

Kawu yana nan da ransa, kuma ko yau aka sake, zan sake buga wayar nan. Amma bai ƙara taka gidana ba. Baƙi sun ci gaba da hawa ɗaukar hoto. Kamfanin wanke gini ya turo mutum biyu, kowanne ya ga akwatin ya ce a nemi wani, saboda haka layin nan na kusurwa yana nan da ƙurarsa, har ya fi da duhu. Daga tagar gidana ana hango shi sarai.

Rannan na dawo daga aiki na tarar Baba ya juya kujerarsa tana kallon bango.